Alalen da Na Yi da Binciken Yaya Bilki

Ko da zan manta ranar aurena, ba na jin zan taɓa manta ranar da na ciyar da wani Farfesa binciken ɗalibarsa.

Lokacin ina amarya a Gyadi-Gyadi, kuma babban burina shi ne dangin miji su ce Nura ya yi dace. A cikinsu wadda na fi shakka ita ce babbar yayarsa, Yaya Bilki, da ke zaune a Darmanawa. Tana digiri na uku a fannin noma. Na san dai tana yawan zuwa ƙauyuka, amma ban taɓa tambayar me take yi a can ba (ni lissafi na karanta, ilimina a kan wake ya tsaya ne a tukunya).

Wata safiya Nura zai fita aiki, yana ɗaura takalmi ya ce, "Yaya za ta zo anjima da malaminta saboda waken nan na firiza. Ki fito da shi ya huce."

Na buɗe firiza, na tarar da ƙananan ledoji a can ƙasa, kowace da lamba a jikinta. Wani fari, wani ja, wani mai ɗigo-ɗigo kamar zabuwa. Na ce a raina mai shagon nan akwai tsari. Ban tsaya tunanin me ya kai busasshen wake firiza ba. Baƙi za su zo saboda wake, to me ya rage? Na juye su a roba ɗaya, na surfa, na kai markaɗe. Leda ɗaya kawai na ƙyale, don waken cikinta ƙanana ne duk sun yamutse, na ga bai dace da baƙi ba.

Na yi alale na gani na faɗa, da manja da ƙwai da kifi.

Bayan azahar suka iso. Farfesan dattijo ne mai sanyin magana. Na durƙusa na gaishe shi, na jera kwanuka. Ya ci ɗaya, ya ƙara, ya ce, "Amarya, Allah ya yi albarka. Rabona da irin wannan alale tun mahaifiyata na raye."

Kaina ya kumbura. Har na fara yi masa bayanin sirrin, wai haɗa wake kala-kala shi ke kawo garɗi.

Yana ci yana ba ni labarin aikin Yaya. Ya ce damina biyu ta yi tana bin tsofaffin mata manoma tana karɓar irin wake na gargajiya, wanda yake jure fari kuma ba ya buƙatar taki mai yawa. Wasu irin sun kusa ɓacewa. Za a shuka su a gonar jami'a a gwada, a mayar wa manoma wanda ya fi. Ina ta gyaɗa kai ina cewa ma sha Allah.

Sai Yaya ta ce, "Shi ya sa na kawo su nan, su suna da wutar sola da ba ta ɗaukewa, sanyin firiza yana kashe ƙwarin wake. Amarya, ɗauko mana ledojin Farfesa ya gani."

Sai a lokacin na gane. Na dubi kwanon, na dubi Yaya. Ita ma ta dubi kwanon, cokali na hannunta, rabin alale a kai.

"Amarya," ta ce a hankali, "wane wake kika dafa?"

Na shiga kicin na ɗauko yamutsattsen nan da ledojin da babu komai a ciki, na ajiye a gabanta kamar mai kawo gawa.

Yaya ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta riƙa ɗaga ledojin ɗaya bayan ɗaya tana karanta lambobin, tana cewa innalillahi. Farfesa ya dubi abin da ya rage a farantinsa. Can ya ce, "To, Bilkisu, an gama gwajin ɗanɗano. Saura na gona." Ya ɗauki cokali ya cinye.

Ba wanda ya yi dariya. Ni kuka na fashe da shi.

Abin bai zo da sauƙi ba. Yaya ta sake komawa ƙauyukan, ni ce mai riƙe mata jaka, kuma duk gidan da muka shiga sai ta gabatar da ni: "Ga wadda ta cinye na farko." Matan su yi ta tafa hannu. Mun samo yawancinsu, amma iri biyu sai da aka jira wata kaka, karatunta ya ƙara tsawo saboda ni. Ta yafe mini, sai dai har yau a dangi sunana Mai Alale.

Abin da na koya shi ne, idan miji ya ba ki saƙo yana ɗaura takalmi, ki tare ƙofa sai ya ƙarasa bayani. Yanzu ko gishiri na gani da lamba a jikinsa, sai na buga waya na tambaya.