Dakta Inuwa da Tulun Barci

Allah Ya yi wa unguwar Kawo baiwa da Ya ba ta Dakta Inuwa. Gaskiya ne a takardar asibiti an rubuta cewa aikinsa tura tulun iskar barci zuwa ɗakin tiyata, amma wannan hassadar akawu ce. Mu dai a teburin mai shayi Dakta muke ce masa, a bayan ido kuma Sarkin Tulu. Har ɗaurin aure da farar rigar aiki yake zuwa.

Da aka kawo na'urar da ke zana lantarkin ƙwaƙwalwa a takarda, sai ya daina amsa gaisuwar direbobin tasha. Ya ce kan ɗan Adam gidan wuta ne, mai farfaɗiya kuwa wayoyinsa ne ke haɗuwa. "Wata iskar tana kwantar da wutar, wata tana hura ta. Ni da hanci nake bambancewa. Shekara tara ina shaƙa, ko hamma ban taɓa yi ba."

Ana nan sai ƙaba ta kama Rabe tela, mai farfaɗiya tun yarinta. Likita ya ce sai an yi aiki, amma a fara shaƙa masa iskar kaɗan a ga zanen kansa. Rabe ya ƙi, yana tsoron ta tayar masa da farfaɗiyar, barcin ya zarce. Inuwa ya zo har bakin gado da lacca. Rabe ya saurara tsaf, sannan ya ce su a Zamfara mai magani shi ke fara kurɓa a gaban mara lafiya.

Likita, da ma yana neman zanen lafiyayyen kai don kwatantawa, ya ce madalla.

Aka kwantar da Sarkin Tulu, aka manna masa wayoyi a sanƙo. Robar shaƙar iskar na taɓa hancinsa ya hau salati, ya kira uwarsa da ke Katabu, ya yi wasiyyar kekensa. Alluran na'ura suka haukace, tawada har bango. Sai ya sume. Ko mu da labari ya iske a Kawo sai da kunya ta kama mu.

Rabe ya dubi takardar, ya ce in haka kan lafiyayye yake, ai nasa da sauƙi, a yi aikin yau. Ya dai tambaya ko iskar ce da ƙarfi haka.

Likita ya ce, "Ai ban buɗe tulun ba tukuna."