Hantar Oga Ba Ta Duba Agogo

Jiya Alhamis, ƙarfe ɗaya, na sauka daga keke a wani ofishi nan Kafanchan da takardata ta neman aikin ɗakin gwaje-gwaje. Sa hannun mutum ɗaya take jira, Ogan ofishin, Mai Girma Sarkin Dawo-Gobe, kuma yau Juma'a ake rufe karɓa.

Na tarar ya kifa kai a tebur yana minshari. Masinjansa, Baba Kumai, ya tare ni a ƙofa.

"Yi haƙuri, 'yata, Oga yana nazari."

"Ƙwarya nawa ya nazarta, Baba?"

"Burkutu shida kawai. Amma ya danne da naman alade faranti biyu. Nama yana kashe giya, yanzu-yanzu zai tashi."

Shekara huɗu na yi a jami'a ina karanta abin da hanta ke yi, amma kunya ta hana ni musu da mai furfura. Ku zan gaya wa.

Nama in ya shiga ciki, narkewa yake zuwa ƙananan sinadaran gina jiki. Jiki ya ɗebi na gyaransa, ragowar kuma hanta ta cire musu guba ta tura fitsari. To amma hanta ma'aikaciyar gwamnati ce. Da babbar baƙuwa giya ta iso, sai ta ture wasu ayyukan gefe ta fita tarba. Tarbar ma ba sauri, kamar ƙwarya ɗaya a awa, ko da saniya guda ka cinye. Naman yakan ɗan jinkirta giyar a ciki, ba ya kashe ta.

Na zauna a benci na ƙirga da yatsu: sai bakwai Oga zai dawo duniya. Ofis yana tashi huɗu.

Da na koma gida na ba da labari, maƙwabciyata Mama Uloma mai farfesu ta ce da gurguwar Hausarta, "Ke da ilimi naka! Tafi da safe, kafin ƙwarya ya riga ki."

Mai nema yana tare da samu. Yau bakwai da rabi ina bakin ƙofa. Baba Kumai ya dube ni da tausayi.

"Oga ya tafi Kaduna, 'yata. Shi ne babban baƙo a taron yaƙi da shaye-shaye."

Na naɗe takardata na sa a jaka. Madalla da wannan zaɓi. A duk jihar nan babu wanda ya yaƙi burkutu ƙwarya bayan ƙwarya kamarsa.