Yadda Za Ka Adana Madubin Likitan Makaranta Har Ka Yi Ritaya Bai Tsufa Ba

Malamin bayoloji, barka da samun ƙaruwa. Na ji an ce makarantarku ta sami madubin likita, na'urar nan da ke nuna abin da ido ba ya gani, an kuma danƙa maka makullin kabad ɗinsa. Kada gabanka ya faɗi. In ka bi matakan nan, na yi maka alkawari madubin zai raka ka har ritaya ko ƙwarzane babu a jikinsa. Ba da ka na ƙirƙiro su ba. A wurin gwani na koya, wani abokin aikina da ɗalibai suka laƙaba wa Malam Makulli, domin kafin ka hango shi ka ji ƙarar aljihunsa.

1. Ka san maƙiyinka

Wasu za su ce ɓarawo ne, wasu su ce ƙura. Ƙyale su. Maƙiyin madubi ɗalibi ne. Yatsunsa duk maiƙo, kuma ba ya ganin abin murɗawa ya wuce. Ka ba shi madubi, zai ɗauke shi da hannu ɗaya yana lilo da shi. Zai kama babban murɗi ya yi ta saukewa har gilashin ƙasa ya daki fallen gilashin da aka ɗora abin dubawa, ka ji ƙas. Daga ranar kai ne abin misali a taron malamai. Malam Makulli ya sha gaya mini cewa shi ya fi son ɗalibi ya fita bai san komai ba, da ya fita ya san abu ɗaya ya bar ɓarna.

2. Ka zaɓi kabad na kirki

Nemi wanda ke can ƙuryar ɗakin gwaje-gwaje, jikin bangon nan da ke tsatsafo da damina. Duhu ne da shi da wari, ba mai zuwa wurin, abin da ake nema ke nan. Ka nannaɗe madubin a leda, ka ɗaure bakin tamau kada iska ta shiga. A cikin akwatinsa za ka tarar da wani ɗan ƙulli mai ƙwayoyi, wai yana shanye danshi. Jefar da shi. An rubuta a jikinsa kada a ci, kai kuwa ka san yaranka.

3. Ka koyar da shi a allo

Kada wani ya ce ka tauye ilimi. Zana madubin a allo, ƙato, da alli kala biyu. Nuna musu gilashin sama da ake sa ido, da gilasan ƙasa masu juyawa, da farantin ɗora abin dubawa, da ɗan madubin gindi mai tattaro haske. Su yi ta maimaitawa har ajin da ke maƙwabtaka da ku ya haddace.

Sannan a tashi tsaye a yi aikin hannu. Kowa ya runtse ido ɗaya, ya sunkuya, ya murɗa iska. A fara da ƙaramin gilashi. A sauke ana kallo ta gefe, a ɗago a hankali ana leƙawa, a gyara da ƙaramin murɗi. Na taɓa wucewa ta taga na ga aji guda sun duƙufa suna saita babu, Malam Makulli kuma yana zagawa yana tsawata wa wanda ya yi garaje. In sun tambayi me ake gani, ka buɗe littafi ka nuna musu ƙwayoyin halittar albasa, a jere kamar tubalan gini. Ai wani ya riga ya gano musu.

4. Ka fito da shi don baƙi kawai

In shugaban makaranta ya shigo da manyan baƙi, ka buɗe kabad, ka nuna ledar da baki, ka rufe. Baƙo ba ya neman leƙawa, domin shi ma yana tsoron a tambaye shi me ya gani.

5. Ka yi hattara da na gida

Nan ake gane gwani. 'Yar autar Malam Makulli, wadda kowa ke kira Auta, tana ajinsa na ƙarshe. Burinta ɗaya a duniya, ta shiga makarantar koyon aikin gwajin jini, kuma ba a shiga sai an ci jarrabawar aikin hannu ta bayoloji. Yarinyar nan in an sa ta yanka albasa sai girki ya makara, domin tana can tana ɓare siririyar fatar ciki tana ɗaga ta a hasken taga.

Ta roƙe shi a aji, ya ce sai bayan damina. Damina ta wuce, ya ce yanzu kuma zafi ya yi yawa. Uwarta ta sa baki, ta ce ko don albasarta ta huta a bar yarinya ta gani. Ranan nan Auta ta durƙusa tana zuba masa ruwan wanke hannu, ta ce, "Baba, sau ɗaya kawai. Ba zan taɓa ba. Kai ka saita, ni in leƙa."

Ya ce, "In na buɗe miki, gobe a ce na fifita 'yata."

Ka ji adalci. Wanda ya hana kowa ba a taɓa kama shi da son kai ba. Ka haddace amsar nan, domin tana aiki a kan mata, da suruki, da ɗan shugaban makaranta.

6. Ranar jarrabawa ka buɗe da ƙasaita

Dole ranar za ta zo, hukuma ta turo mai sa ido, a ce a fito da madubi. Kada ka gwada shi kafin ranar, gwaji ma taɓawa ne.

Malam Makulli ya kwance ledarsa a gaban jami'ar da aka turo. Wani wari ya taso irin na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba, amma jikin madubin sai ƙyalli yake. Aka ɗora fatar albasa, aka ɗiga mata aidin, aka ce kowa ya saita ya zana abin da ya gani. Da layi ya zo kan Auta, wallahi sai da ta ba ni tausayi. Ba ta yi kuskure ko ɗaya ba, duk abin da ta koya a iska ta yi shi. Ta daɗe a sunkuye. Da ta ɗago fuskarta cike da murna.

Can jami'ar ta lura takardun duk iri ɗaya ne, wasu zare-zare masu rassa, tubali ko ɗaya babu. Ta leƙa. Ta zare fallen albasar gaba ɗaya ta sake leƙawa, zaren na nan daram. Ta janye Malam Makulli gefe, ta yi ƙasa da murya ta ce, "Malam, funfuna ce ta cinye gilashin ta ciki. Yaushe rabon a buɗe shi?" A ranar ta shaida wa shugaban makaranta cewa an soke aikin hannun ajin, sai baɗi.

7. Ka riƙe girmanka

A taron malamai kada ka sunkuyar da kai. Ka tuna musu cewa sauran makarantu sai sun je neman abin dubawa a kududdufi, naku madubin kuwa shi yake noma kayansa.

Gida ne dai ba ni da dabararsa. Labarin sokewar bai kai ga yara ba sai washegari, don haka da yamma Auta ta sake zana abin a takarda don ta nuna wa uwarta, ta tari ubanta da shi tun daga ƙofa. Ta ce, "Baba, ashe ba tubali ba ne, rassa ne. Na so in zana na littafi, sai na tuna ka ce mu zana abin da idonmu ya gani."

Ya karɓi takardar ya daɗe yana kallo. Ya ce ta yi kyau. Ranar bai ci abinci ba.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a duk abin da ya biyo baya, ko funfuna, ko shekarar da wata ta yi a gida ƙawayenta na makaranta, ko 'yar da ta daina yi wa ubanta tambaya. Alkawarina a kan jikin madubi na yi, kuma na cika. Mai shakka ya je ya roƙi Malam Makulli ya buɗe masa kabad. Madubin na nan sabo fil. Sai dai kada ka taɓa takardar zanen rassan nan da ke manne a bayan ƙofar, don ita ma ba ya bari a taɓa.