Yadda Za Ka Kai Suruki Kallon Gumaka Ba Tare Da Asirinka Ya Tonu Ba

Idan gumakan itace kake sayar wa Turawa a kasuwar Treichville, amma a gida ka ce musu "harkar katako" kake yi, zo kusa. Wannan hanya ba ta taɓa kuskure ba. Tasi'u ya bi ta ranar da Malam Abdulmutallib, uban Zuhura da yake nema, ya zo daga Nijar don ya ga wa zai ba 'yarsa, ya kuma ce a kai shi gidan tarihi.

1. Yi zagaye

Kada ka bi ta kasuwa, inda kowane dillali ya san sunanka. Tasi'u ya sa tsohon a motar haya ta woro-woro, suka haye gada, suka yi ta yawo a Adjamé har zufa ta jiƙa rawani. Tsohon da ya gaji ba ya yawan tambaya.

2. Manta da mai gadi

A ƙofar gidan tarihi zai washe baki ya ce, "Patron, yau ma an zo duba samfur?" Dube shi kamar ba ka taɓa jin Faransanci ba. Tasi'u cewa ya yi, "Haka suke, Baba, duk mai babbar riga patron ne."

3. Tsuke fuska

Da shiga, ja a'uziyya yadda za a ji. Idan ka ga fuskar itace ta ƙabilar Baule da ka san ta fi duk na shagonka, hannu zai yi ƙaiƙayi ya juya ta ya duba baya. Tura shi aljihu. Tasi'u ya sha wuya a nan, don har ga Allah yana son aikin nan.

4. Amsa da jahilci

Tsohon ya daɗe gaban wani kan mutum na yumɓu, ya ce, "Wannan fa, yaya ake gane na da?"

"Ina zan sani, Baba? Ni katako, sai ƙusa."

Madalla. Haka ake so.

5. Rufe da lambu

Kai shi wurin shan iska, ka samo benci a inuwa, ka sayo soyayyar ayaba. A nan ake yanke magana. Malam ya share hannu, ya dubi hagu da dama, ya zaro ƙunshin tsumma daga cikin riga. Kan yumɓu ne, har da ƙasa a kunne.

"A gonata garma ta tono shi, kuma akwai 'yan uwansa da yawa. An ce mini sana'arka ke nan, na ji daɗi, na ce gona da yarinya sun sami mai riƙo. Ashe sharri aka yi maka." Ya nisa. "Ka yafe mini zato, ɗana. Akwai wani Bilya da aka ce ya san kan abin, kuma bai yi aure ba. Ka san shagonsa?"

Tasi'u ya san shi. Bango ɗaya ne tsakaninsu.

Togaciya

Alkawarin da aka yi maka shi ne asiri ba zai tonu ba, kuma bai tonu ba. Maganar Zuhura kuwa ba ta cikin wannan darasi, kada kowa ya biyo ni da ita.