Jakin Bakin Taga

Akwai ranar da ba zan taɓa mantawa da ita ba. Ko na so ma, mutanen Gangara ba za su bar ni ba.

Shekarata ta farko ce ina koyar da Ingilishi a kolej, aka ba ni 'yan sizyam, sabbin shiga, suna kira na Mushe, wato malam. Littafi ɗaya gare mu, shi ma a hannuna yake, sai na ƙirƙiro dabara: in nuna abu, yara su faɗi sunansa. (A lokacin ji nake duk Damargu babu malami kamar ni.) Akwai jakin wani mai ɗiban ruwa da kullum ake ɗaurewa a gindin aduwa, daidai tagarmu. In na miƙa sanda waje na ce, "What is this?" sai aji ya ɗauka: "This is a donkey!"

Rannan ina rubutu a tablo, allon aji, don gwaninta ko waiwayawa ban yi ba, na miƙa sanda ta taga.

"What is this?"

Shiru.

Na daka tsawa: "Ba ku karya kumallo ba ne?"

Wata yarinya ta ce, "Mushe, ai..."

"Ban tambaye ki da Hausa ba! Ku faɗa da ƙarfi, a jiyo ku har kasuwa!"

Suka kuwa faɗa. Na sa suka maimaita, har da tafi.

Da na juyo, babu jaki. Alhaji Mamman ne tsaye, shugaban iyayen yara, mutumin da ya ba ni ɗaki a gidansa, tsinin sandata na neman taɓa rawaninsa. Na ce a raina, da sauƙi, ina dattijo zai ji Ingilishi? (Na manta ya yi shekaru yana kai raguna Legas.)

"Good morning, Mushe," in ji shi. "Na zo in ga ko yara na ƙaruwa. Lalle suna ƙaruwa."

Na durƙusa a gaban ɗalibaina. "Baba, wallahi jakin nake nufi."

Ya ce, "Na sani, ɗana. Ni na sa aka matsar da shi, in samu wurin tsayawa."

Bai kore ni ba, da yamma ma har fura ya aiko min. Sai dai labari ya riga ni isa gida. Ina sallama jikokinsa suka tarbe ni da kukan jaki.

Tun daga ranar, in aji ya yi shiru gaba ɗaya, ba na cewa yara ba su san amsa ba. Waiwayawa nake yi tukuna.