Jar Fatar da Baba Ya Bari

Duk ƙasar Katagum babu wanda ya kai ni sanin naman dawa. Ni ɗan maharbi ne, ko sawun dabba na gani sai in faɗa maka sunan kakarta.

Shi ya sa da 'yata Hauwa, Dakta guda mai binciken dabbobi, ta ce yanzu da gwajin ƙwayoyin halitta ake bambance jinsin gada, ba da ido ba, na yi dariya har da riƙe ciki. Na ɗauko jar fatar da marigayi Baba ya bari, na ce, "Gadar dajin Bulkachuwa ce, irin da duniya ba ta sani ba. Je ki auna."

Kafin sakamako ya fito, tuni na shelanta wa majalisarmu a Azare cewa sunan gidanmu za a raɗa wa sabon jinsin. Har tafiyata ta canza.

Hauwa ta dawo, ta durƙusa, ta ce a hankali, "Abba, akuya ce."

Na rantse na'urarsu ce ta lalace. Goggo Ladi, ƙanwar Baba, ta shafa fatar ta ce, "Bar zagin na'ura, ɗan nan. Ran sunanka aka yanka ta, ba a samu rago ba."