Habibou Ya Tafi Hutu da Kujerun Manya

Yau da safe ina tsakiyar yankan shaddar wani Alhaji mai tsada a shagona na ɗinki nan Agege, sai ga farar mota ta tsaya a ƙofa. Mutum uku suka fito, kowa da katin aiki rataye a wuya. Na gabansu ya ce, "Kai ne Ɗan'azumi, garanton Habibou direba?" Almakashi ya zame, hannun rigar Alhaji ya koma na yaro ɗan shekara bakwai. Na ce ni ne, amma ban san me ya yi ba, kuma ba da ni aka yi ba.

Bari in koma baya, don ku san yadda tela ya tsinci kansa a rigimar tirela. Habibou maƙwabcina ne, mutumin Tawa a Nijar, shekararsa shida yana jan babbar mota a wani kamfanin dakon kaya. Ranar da zai kama aiki aka ce ya kawo wanda zai tsaya masa, ni kuma na dangwala hannu saboda yana sayo mini kilishi. Wata takwas ke nan matarsa Mariamu ta haifa masa 'ya mace a can gida, aka sa mata Baiwa. Bai taɓa ɗaukar yarinyar ba. A waya kawai yake ganinta, ita ma wayar gilashinta a fashe yake, don haka rabin fuskar 'yar tasa ya sani.

Watan jiya ya ce in raka shi ofis ya karɓi hutunsa na shekara, kwana ashirin da ɗaya, da kuɗin hutun da zai yi kuɗin mota da su. Ni ne tafinta, don Turancin Habibou bai wuce "oga, abeg" ba. Aka shigar da mu wajen Mai Girma Uban Lissafi, mutum mai kwamfuta biyu da firji a gefen kujera. Ya danna nan, ya danna can, ya ɗago yana murmushi.

"Ina taya ka murna, Habibou. Ai ka riga ka yi hutunka."

Habibou ya dube ni. "Ɗan'azumi, yaushe ni yi konje ban sani ba?" Konje dai shi ne hutu a bakin mutanen Nijar.

Ga yadda lissafin yake, kuma wallahi ban ƙara masa gishiri ba. Akwai wata na'ura da suka liƙa a jikin kowace mota. In taya tana juyawa, direba yana aiki. In taya ta tsaya, direba yana hutawa. To bana Habibou ya yi kwana casa'in da huɗu a layin shiga tashar jiragen ruwa, yana kwance ƙarƙashin mota, sauro yana cin rabonsa, 'yan karɓar na goro suna cin nasu, wanka sai da ruwan leda. Duk wannan a kwamfutar Mai Girma shaƙatawa ce a bakin teku.

"Kwana ashirin da ɗaya ne haƙƙinka," in ji shi, "ka ci casa'in da huɗu. Ka zarce da saba'in da uku. Amma kamfani ya yafe maka, mu masu tausayi ne."

Na ce, "Ranka ya daɗe, to kai da ba ka da taya, da me ake auna aikinka?" Ya ce in ni tafinta ne in tsaya a tafinta.

Habibou bai yi hayaniya ba. Ya ce in tambayar masa sau ɗaya: in mota ta tsaya, ko ina ne, hutu ne? Mai Girma ya ce ƙwarai. Habibou ya ce a rubuta masa. Aka rubuta, aka buga hatimi, har da sa hannu mai jela. Ni kam raina ya ɓaci ƙwarai, muka hau danfo ina ta masifa, shi kuwa yana ninke takardar yana sawa a cikin hula.

Muka je wajen shugaban ƙungiyar direbobi, wanda duk wata ake yanka masa kuɗin kare haƙƙi. Aka ce ya tafi taron ƙara wa juna sani a wani otal, kwana goma, kan illar gajiya ga direba. Allah ya saka masa, ya gaji domin mu.

To mu dawo kan baƙina na safe. Ashe makon jiya an ba Habibou lodin kujeru dubu biyu da rumfuna, ya kai can arewa, inda wasu manya za su yi gagarumin biki na karrama ma'aikata. Gobe ne bikin. Na'urar kuwa ta nuna motar tana tsaye cik a wani gareji kusa da iyakar Nijar, yau kwana huɗu, ko motsi. Shi ya sa Mai Girma da kansa yake cikin ukun da suka tako shagona, gumi har cikin takalmi.

Na kira Habibou, na sa wayar kowa ya ji. Da farko ba muryarsa muka ji ba, kukan jaririya ne, mai ƙarfi, irin na ƙoshi.

"Ɗan'azumi! Ka ji ta? Ɗiyar nan hancina ta ɗauko, wallahi. Yanzu ta yi mini fitsari a riga."

Mai Girma ya fizge wayar. "Habibou! Ina kayanmu? Wa ya ba ka izinin tafiya?"

"Oga, kamiyon taku, motar nan, tana tsaye ko tana tahiya?"

"Tana tsaye mana!"

"To ina konje ke nan. Takarda na nan cikin hulata, da tambarinka. Kaya lahiya lau, an rufe da tamfol, mai gadi ɗan ƙanena ne. Saura kwana goma sha bakwai."

Nan take Mai Girma ya ce zai biya kuɗin hutun yanzun nan, duka, har da na mota, in dai taya za ta juya yau. Habibou ya ce a turo, Mariamu za ta duba, amma ba zai iya tashi yanzu ba, Baiwa ta yi barci a ƙirjinsa, kuma duk wanda ya tashe ta shi zai yi rarrashi. Ya kashe waya. Ni dai na juya baya ina gyara zare, don kada a ga garanto yana hawaye da dariya lokaci guda.

Sun ce za su kai ni kotu. Na ce su zo da wuri, ina da rigar Alhaji da zan yi wa bayani tukuna, kuma shi ya fi kotu zafi. Amma manyan da za su yi bikin karrama ma'aikata gobe, ina ba su haƙuri, su daure su yi shi a tsaye cikin rana. Awa biyar ne kawai, kuma a lissafin kamfani hutu suke yi.